Tsohuwar Kwamfuta da Aikin Tace Bidiyo: Ina Ya Kamata Kuɗin Ya Shiga?

Akwai ƙorafin da masu gyaran kwamfuta a titin Beirut na Fagge ba sa rabo da ji daga bakin masu tace bidiyo: na'ura tana sandarewa da zarar an ɗora mata aiki. Murya ta yi gaba, hoto ya tsaya yana tsalle, fanka na ta kuka. Ga dangin amarya sun matsa a ba su bidiyon biki, ko furodusa na jiran kashi na gaba ya hau YouTube. A irin wannan hali mutum kan yanke cewa kwamfutar ta tsufa, sai a sake wata. Sau da yawa ba haka ba ne. Wuri ɗaya ne ya toshe, kuma ana iya gano shi kafin a kashe ko sisi.

Yawancin matasan da ke wannan sana'a a Fagge da Sabon Gari da kwamfuta ta-hannu suke aiki, wadda ta gama wa'adinta a ofisoshin Turai ko Amurka, ta sauka Legas, ta biyo ta Computer Village na Ikeja ko kasuwar Alaba ta iso Kano. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, sabuwa fil ta ƙara yi wa mai ƙaramin jari nisa. Shi kuwa aikin kullum ƙara nauyi yake. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kaset ne. Hoton faifan DVD da ya zo daga baya bai kai ɗigo rabin miliyan ba. Wanda ake kira 1080 ya ɗara ɗigo miliyan 2, na 4K kuwa ya haura miliyan 8, kuma hotuna 25 ko 30 irinsa ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Zuwan Arewa24 a 2014, da finafinai masu dogon zango irin Labarina da Izzar So, sun saba wa idon mai kallo da hoto tar, yanzu ko bidiyon kamu ba a yarda da dishi-dishi.

Sai dai ba yawan ɗigo kaɗai ke wahalar da kwamfuta ba. Kyamarori da wayoyi suna matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265 don kada ya cinye wuri. Sukan ajiye cikakken hoto guda, sannan na bayansa su rubuta abin da ya canza kawai. Kamar littafin ɗan kasuwar Kantin Kwari ne da ya rubuta jimillar kaya ranar Litinin, daga nan sai shiga da fita: in kana son sanin abin da ya rage ranar Alhamis, dole ka koma Litinin ka biyo lissafi. Duk sanda mai tacewa ya ja aiki baya ko ya yanka a tsakiya, wannan lissafin kwamfuta ke sakewa.

A nan ne ake yaudarar mai saye, ko ya yaudari kansa. Ana ganin tambarin Core i7 a jikin laftof sai a ɗauka an gama magana, alhali zubin furosesar ya fi sunan muhimmanci. Farkon lambar da ke bayan layi ne ke faɗa: i7-3520M zubi na 3 ne, na 2012, ƙwaƙwalwa biyu gare shi, i5-8250U zubi na 8 ne, na 2017, yana da huɗu. Tun 2011 kamfanin Intel ke saka wani sashe mai suna Quick Sync da aikinsa kawai matse bidiyo da warware shi, amma sai a zubi na 6 ya iya H.265 sosai. Wanda ya riƙe zubi na 3 ko na 4 yana tace hoton sabuwar waya, furosesarsa da ƙarfin tsiya take yin abin da wata ke yi cikin sauƙi. A laftof kuma galibi a liƙe take da allon ciki, ba ta canzuwa.

Maganin farko kyauta ne, kuma yana ba ni mamaki yadda ake tsallake shi. Premiere Pro da DaVinci Resolve duka suna iya yin furoksi, wato ƙaramin kwafi mara nauyi na kowane hoto. A kansa ake yanka da jerawa, in an zo fitar da aiki manhajar ta koma kan na ainihi, ingancin bai ragu ba. A sa ta yi kwafin da dare, da safe a tarar da kwamfutar da ke ɗingishi tana tafiya sumul.

Na biyu shi ne zafi, kuma wannan matsalar tamu ce ta musamman. A bazara Kano kan haura maki 40, hunturu kuma ya bar ƙura a ko'ina. A kwance bayan laftof ɗin da ta shekara biyu a shagon bakin titi, a ɗaga fanka: tsakaninta da siraran ƙarafan da iska ke bi za a tarar da ƙura ta dunƙule ta zama tabarma mai kauri, ruwan toka, ana ɗago ta da tsinke a haɗe. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya farfashe. Furosesa in ta doshi maki 100 rage gudu take da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa aiki ke tafiya lafiya a mintunan farko, daga baya ya fara jan ƙafa. Sharewa da sabon mai ba su kai kuɗin kowane kayan gyara ba.

Bayan waɗannan ne ya dace a sa hannu a aljihu, shi ma bayan an buɗe Task Manager ana cikin aiki an ga layin da ya cika: na faifai, na ram, ko na furosesa. In na faifai ne ke manne a sama, tsohon faifan ajiya mai juyawa ne ya kasa. Irin na laftof da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA yana ba da wajen 500, na NVMe kuma dubbai, in allon yana da gurbinsa. A ganina babu canjin da ake jin daɗinsa nan take irin wannan. Amma a kula, akwai jabu a kasuwa, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi. A cika shi da manyan fayiloli a gaban mai shago, a sake buɗe su, kafin a biya.

Ram kuwa, Adobe na ba da shawarar gigabait 16 ga aikin 1080, 32 ga 4K, yayin da ta-hannu da yawa ke zuwa da 8. DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, don haka a tafi da na'urar, kada a saya da ka. Sanda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba sauri.

Katin hoto, wanda kowa ke fara ambata, shi na ajiye a ƙarshe. Yana da amfani ƙwarai wajen gyaran launi, musamman a DaVinci Resolve, amma sai a kwamfutar tebur ake ƙara shi. Ƙananan akwatunan Dell OptiPlex da HP EliteDesk da suka cika kasuwa ba su da fili, tukunyar wutarsu kuma ƙarama ce, sai siririn kati mara cin wuta. Kafin kati, gara a leƙa masu kayan wuta na France Road a sami UPS, wato na'urar ajiye wuta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar fitar da aiki kan lalata fayil, wani lokaci har da faifan.

Akwai kuma inda ya kamata a dakata da kashe kuɗi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa. Mai zubi na 4 zai iya sa SSD, tunda zai cire shi ya tafi da shi wata na'urar, amma tsadadden ram na DDR3 a nan zai mutu. Tsohon faifan da aka cire shi ma kada a sayar: a saya masa ɗan akwati mai igiyar USB, a riƙa zuba kwafin ɗanyen hoto a ciki ranar da aka ɗauko shi, domin SSD kan mutu ba tare da gargaɗi ba, ba a kuma sake ɗaura aure don an rasa bidiyo.