Ɗan Naman Gwaji da Sabon Salon Binciken Ciwon Daji

A ƙasar Daura, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akwai tsohuwar magana cewa daji ba ya son ƙarfe, wato idan allura ko wuƙar likita ta taɓa ƙarin sai ya bazu, kuma wannan imani ne ke sa mace mai ƙullutu a mama ta shafe watanni tana shafe-shafe da turare kafin ta yarda a kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Shika a Zariya. Alhali kuwa ɗan naman da likita ke ɗebowa don gwaji shi ne ke tabbatar da ko daji ne, da kuma irinsa.

Irin wannan ɗan nama yana da amfani a bincike ma. Masu bincike sun daɗe suna renon ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da jiki ya ginu da su, tun kafin 1951 lokacin da aka ɗebi na wata mata mai suna Henrietta Lacks a Baltimore ta Amurka, sai dai a shimfiɗe suke girma a kwanon gwaji kamar tabarma, kowace ƙwaya tana samun abinci da magani daidai da 'yar'uwarta. Ƙari a jikin mutum kuwa curi ne, wanda ƙwayoyin da ke can cikinsa ke ƙarancin iska, magani ma da ƙyar yake ratsawa gare su, wannan na cikin abubuwan da suka sa magunguna da yawa suka yi nasara a kwano suka gaza a jiki.

A 2009 ɗakin binciken wani masani mai suna Hans Clevers a Utrecht ta ƙasar Holan ya reni ƙwayoyin hanjin ɓera cikin wani abu mai danƙo kamar jiƙaƙƙen ƙaro, suka dunƙule suka yi siffar hanji ƙanƙani. Irin wannan curi, da ake kira oganoyid, galibi bai kai ƙwayar gero ba, kuma yanzu ana renonsa daga ƙarin majinyaci, a raba shi gida-gida, a gwada wa kowane kashi magani daban. Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa yadda curin ya karɓi magani yakan yi daidai da yadda mai dajin hanji ko ciki ya karɓa.

Ko a Turai akasarin wannan aiki yana matakin bincike ne, don haka duk wanda ya nemi kuɗin majinyaci da alƙawarin haɗa masa maganin da ya dace da ƙwayoyinsa, ba tare da an ɗebi nama an kai ɗakin gwaji ba, abin tuhuma ne, kuma ya kamata dangi su fara nuna wa likitan asibiti takardun majinyacin kafin su sayar da akuya ko hatsi.