Nicodemus, Garin da Layin Dogo Ya Kauce Wa

A shekarar 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan wata doka da ta bai wa ɗan Amurka damar mallakar fili mai eka 160 a yammacin ƙasar, muddin ya zauna a kansa ya noma shi shekara biyar. Jama'a suka yi ta kwarara zuwa filayen da aka raba 'yan asalin ƙasar da su, ƙananan garuruwa suka yi ta tsirowa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Nicodemus da ke jihar Kansas, wanda baƙaƙen fata suka kafa a 1877. Yawancinsu 'yantattun bayi ne daga Kentucky, masu gudun wulakancin da ake yi musu a kudancin ƙasar. Da suka iso, sai suka tarar da fili fetal, ko itacen gini babu. Suka haƙa ramuka a jikin tudu suka mai da su ɗakuna, a ciki suka yi hunturun farko cikin yunwa. Kafin shekara goma ta cika, garin ya samu coci-coci, makaranta, shaguna, masaukin baƙi, banki, har da jaridu biyu.

To, me ya karya shi? A wancan zamani, manomin da ba shi kusa da tashar jirgin ƙasa ba shi da hanyar kai alkamarsa kasuwa. Mutanen Nicodemus sun yi ta fafutukar a kawo musu layin dogo, amma a 1888 kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa shi ta ƙetaren kogin Solomon, inda sabon garin Bogue ya tashi. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma can. Fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kori wasu. Daga baya tarakta ta zo, mutum guda ya iya nome abin da a da sai gidaje da yawa sun haɗu, matasa kuwa suka nufi birane neman aiki. A ƙidayar 2020, mutum 14 kacal aka samu a garin.

Haka ɗaruruwan garuruwan yankin suka ƙare: gonaki na ba da amfani, amma ba sa buƙatar hannaye da yawa. Sai dai Nicodemus bai ɓace ba. A 1996 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihin ƙasa, kuma duk ƙarshen watan Yuli jikokin waɗanda suka kafa shi kan taho daga jihohi daban-daban su yi taron zumunci.