Sabara da bagaruwa: kayan kasuwar Dakoro a idon masana

A kasuwar Dakoro, jihar Maradi, ba a rasa ganyen sabara da 'ya'yan bagaruwa gaban mata masu kasa kaya. Masana ma sun daɗe da sa musu ido: tun 1980 ayarin Farfesa Adjanohoun ya tattara tsirran maganin Nijar cikin littafi. Bincike ya nuna bagaruwa na ɗauke da tanin, sinadarin da ke jeme fata, yake kuma rage gudawa.

Sai dai jiƙo ba shi da awo. Yaro mai zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita. Ku kuma 'yan kasuwa, ku daina sayen saiwar da aka tuge. In itace ya mutu, me za ku kasa baɗi?