Tsakanin "Dole" Da "Kada" A Turanci

Ni ɗan Bomo ne, ƙauyen nan da ke maƙwabtaka da Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Mahaifina manomi ne. Ya yi karatun allo da na zaure, amma bai yi boko ba, saboda haka duk takardar da ta shigo gidanmu da rubutun Turanci, ni ake kira. Wannan ya sa ni jin kai, har ran da wata 'yar kalma mai haruffa uku ta kunyata ni.

Da damina ta kawo jiki, Baba ya sayo irin masara a kasuwar Sabon Gari, wanda aka riga aka gauraya da jan magani don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Bayan an gama shuka sai aka sami ragowa kamar rabin tiya. Ya miƙo mini jakar ya ce, "Kai ɗan boko, duba mana, ana iya ba kaji wannan?" Na ga an rubuta "must not be used as food or feed". Na san "must" ita ce dole, "not" kuwa ita ke kore magana, sai kawai na haɗa su na ce, "Baba, sun ce ba dole ba ne a ci." Ya ce to, tun da ba hani suka yi ba, a watsa wa kaji. Kafin gari ya waye kajin Inna shida sun mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, Inna ta ce da fari ta yi niyyar wanke masarar ta zuba cikin ta niƙa.

Na kai wa malaminmu na Turanci wannan labari. Da ya gama saurare sai ya tambaye ni, "Hukunci nawa aka koya maka a makarantar zaure?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, biyar ne: wajibi, da mustahabbi, da halal, da makaruhi, da haram." Ya ce to, don sauƙin tunawa, in ɗauka Turanci ma yana da tsani mai matakai biyar kamar haka. Ga su nan yadda na fahimta.

Mataki na farko shi ne "must", wato dole ko tilas. Wanda ya ƙi, akwai hukunci a kansa. Alal misali, ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, tun daga ranar kuwa kowane direba "must keep right". 'Yar'uwarta ita ce "have to", sai dai an fi amfani da ita in hali ne ya tilasta, kamar mai sammako don ya sami motar Sabon Gari. In abin ya riga ya wuce, dukansu biyu "had to" ake cewa.

Na biyu shi ne "should" da "ought to", wato ya kamata. Shawara ce mai nauyi, irin ta likita ko ta babban wa. Na uku shi ne "may", wato an ba ka izini, in ka so ka yi, in ka so ka bari. Na huɗu "should not", bai kamata ba. Na biyar kuwa shi ne wanda ya ci kajin Inna, "must not", ma'anarsa kada, an hana, ba sassauci.

To, in Bature yana so ya ce ba dole ba ne fa? Sai ya ce "need not" ko "do not have to", waɗannan kuwa a mataki na uku suke zaune, tare da "may". Ku duba wannan wuri da kyau, 'yan'uwana ɗalibai. "Must" da "have to" kusan ma'anarsu ɗaya, amma da zarar "not" ta shiga sai su raba hanya, ɗaya ta zama hani, ɗaya ta zama rangwame. A ɗakin jarrabawa, in an ce "need not copy the question", wanda ya kwafi tambayar lokacinsa kawai ya ɓata. In kuwa an ce "must not bring notes", wanda ya shigo da 'yar takarda sakamakonsa ya jefa cikin haɗari.

Akwai kuma sunaye da ya kamata mu rarrabe. "Rule" ƙa'ida ce ta makaranta ko ta wasa, "law" dokar ƙasa ce wadda ake kai mutum kotu a kanta, "regulation" kuwa tsari ne da wata hukuma ta shimfiɗa a ƙarƙashin doka. "Duty" nauyin da ke kanka ne, daga ita muka sami duti, kamar yadda muka sami oda daga "order". "Right" kuwa haƙƙinka ne da ke kan wasu. A harshen shari'a za ku ci karo da "shall", wadda a can ƙarfinta ɗaya da "must". Da ita aka buɗe sashe na 24 na Tsarin Mulkin 1999, inda aka lissafta nauyin da ke kan kowane ɗan ƙasa, har da girmama tuta da biyan haraji.

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kam na gani a gidanmu. Da yawanmu mu ne idon iyayenmu wajen karanta kwalbar magani, da takardar asibiti, da buhun taki. In an miƙo mana, mu tsaya mu tambayi kanmu a wane mataki maganar take, in mun yi shakka mu nemi wanda ya fi mu sani, domin matambayi ba ya ɓata. Ni dai da kuɗin ƙodagon da na yi a hutu na saya wa Inna 'yan tsaki shida. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.