Dinarin Rumawa a Cikin Sadakinmu da Zakkarmu

Duk wanda ya saba halartar ɗaurin aure a Salaga, Yendi ko Bawku ya sha jin malamai na cewa mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa asalin dinarin nan daga Rumawa yake, mutanen da sura ta 30 ta Alƙur'ani mai girma ke ɗauke da sunansu.

Rumawan nan Nasara ne masu magana da Girkanci. Birninsu Kustantiniyya, wato Istambul ta yau, ya zama mazaunin sarauta a 330, sai a 1453 Sarki Muhammadu Alfatih ya ci shi da yaƙi. Hiraƙla, wanda Annabi (SAW) ya aika wa wasiƙa, ya mulke su daga 610 zuwa 641.

Kuɗinsu tsabar zinariya ce mai nauyin kusan giram 4.5, kuma ta yi kimanin shekara 700 ba a gauraya ta da wani ƙarfe ba. Sukan kasa nauyinta kashi 24. Daga nan maƙeran zinariya suka gaji faɗin karat 24. Larabawa suka kira ta dinari, da ita kuma ake ciniki a Makka da Madina zamanin Sahabbai. Sai a shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla, ba hoto, mai nauyin giram 4.25, wato miskali guda.

Fatake suka ƙetaro Sahara da wannan ma'auni, Wangarawa suka riƙa auna garin zinariya da shi har iyakar dazukan Asante, inda goron kasuwar Salaga ke fitowa. Ita kanta kalmarmu ta "zinariya" daga "dinari" ta samo tushe.

Lissafin bai tsufa ba, jama'a. Nisabin zinariya miskali 20 ne, giram 85 ke nan, rubu'in dinari kuwa ya ɗan ɗara giram guda. Tunda darajar sidi hawa da sauka take yi, kafin mu yanke sadaki ko mu fitar da zakka, mu bincika farashin giram na ranar, mu kai wa malaminmu ya lissafa. Allah Ya sa mu dace.