Ƙwan Dodon Koɗi

Kowa ya san idan kaza ta saka ƙwai sai ta kwanta a kansa kwana 21, tana ba shi ɗumi, har ya ƙyanƙyashe. Dodon koɗi, watau katantanwa, shi ma ƙwai yake sakawa, amma ba ya kwanci. Ƙasa ce take yi masa wannan aiki.

Manyan dodannin koɗi sun fi yawa a kurmin kudancin Nijeriya da Gana, inda ruwan sama yake da yawa. Abin mamaki a halittarsu shi ne kowane ɗaya namiji ne kuma mace. Idan biyu suka haɗu, kowannensu yana iya saka ƙwai.

Da damina ta sauka, sai dodon koɗi ya nemi wuri mai inuwa da taushi, ya haƙa ɗan rami, ya zuba ƙwansa, ya rufe, ya yi tafiyarsa. Wani iri yakan saka fiye da 100 a lokaci ɗaya, ƙanana kamar ƙwayar wake. Wani iri kuwa ba ya cika wuce 10, amma manya ne kamar ƙwan ƙaramin tsuntsu.

Abu uku ƙwan nan yake bukata: laima, da ɗumi, da inuwa. Idan ƙasa ta bushe, sai ruwan cikinsa ya ƙafe, ɗan ya mutu. Idan kuma ruwa ya kwanta a ramin, ɗan ba zai sami iska ba, sai ƙwan ya ruɓe. Rana mai zafi takan kashe shi, sanyi kuma yakan jinkirta shi. Ban da wannan, ga kwarkwasa da ɓera da kaji suna farautarsa.

Idan ya tsira, bayan mako 2 zuwa 6 sai 'ya'yan su fito, kowane da ɗan koɗinsa mai taushi. Abincinsu na fari shi ne ɓawon ƙwan da suka fito daga ciki, domin shi ne yake ƙarfafa koɗin. Sukan yi 'yan kwanaki cikin ƙasa, sa'an nan su fito kiwo da dare.

Saboda haka masu kiwon dodon koɗi sukan yayyafa wa ƙasa ruwa kaɗan kaɗan, su lulluɓe ta da ganye. Wanda ya share ganyen kurmi ko ya sa masa wuta, ya bar ƙwan nan a rana, baɗi kuwa dodon koɗi zai yi wuyar samu a wurin.