Jadawalin Lambobi: Gargaɗi Ga Ɗalibai Da Iyayensu A Kan Babin Da Ake Gudu

Daga cikin babukan lissafi da ake karantar da 'yan manyan azuzuwan sakandare, a makarantun Dutsin-Ma da Kurfi da sauran sassan ƙasar nan, akwai wani da ake kira matiriks, wanda yara da yawa, da zarar sun ga malam ya zana manyan baka biyu a allo ya jera lambobi a tsakaninsu, sai gabansu ya faɗi, su yanke wa kansu hukuncin cewa wannan ya fi ƙarfinsu, tun ba su saurari bayaninsa ba. Wannan tsoro kuwa yana da tsada, domin babin yana cikin manhajar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma duk wanda ke da burin karanta kimiyya ko aikin gona ko tattalin arziki a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko ya zama malamin kimiyya ta hanyar Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ba shi da makawa sai ya ci lissafi. Saboda haka muka ga ya wajaba mu warware wa jama'a haƙiƙar wannan babi, mu nuna wuraren da ake zamewa a cikinsa, don ɗalibi ya daina gudu, uba kuma ya san abin da zai tambayi ɗansa.

Matiriks dai jadawali ne na lambobi, waɗanda aka jera a kwance sahu-sahu, aka kuma daidaita su a tsaye ginshiƙi-ginshiƙi, ta yadda kowace lamba ke da gurbinta, kuma gurbin nan shi ke ba ta ma'ana. Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar hatsi mai rumfa biyu, ɗaya a Dutsin-Ma ɗaya a Kurfi, wanda ke sayar da gero da dawa da masara, ya kuwa rubuta yawan buhunan da ya sayar a makon farko kamar haka, gero a ginshiƙin farko, dawa a na biyu, masara a na uku:

Dutsin-Ma: 12, 8, 5
Kurfi: 7, 10, 4

Idan aka share sunayen garuruwan aka kewaye lambobin da baka, an sami matiriks mai sahu biyu da ginshiƙi uku, wanda ake ce wa biyu sau uku, kuma a kullum sahu ake fara ambata kafin ginshiƙi. Lambar 10 da ke sahu na biyu, ginshiƙi na biyu, tana nufin dawar da aka sayar a Kurfi, in kuwa aka gusar da ita gurbi ɗaya zuwa dama, to, ta zama masara, labarin cinikin kuma ya lalace gaba ɗaya. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko, kuma mafi yawan kurakuran da ake yi a babin nan daga gafala da ita suke tasowa.

Tarawa da ɗebewa su ne mafi sauƙi. A ce a mako na biyu rumfar Dutsin-Ma ta sayar da 9 da 6 da 11, ta Kurfi kuma 8 da 5 da 6. Mai son jimlar makonni biyun sai ya haɗa kowace lamba da takwararta ta gurbi ɗaya, gero da gero, dawa da dawa, ya sami 21 da 14 da 16 a sahun Dutsin-Ma, da 15 da 15 da 10 a sahun Kurfi. In kuwa ya ɗebe mako na biyu daga na farko, zai ga wasu lambobi sun fito da alamar ɗebewa a gabansu, kamar masarar Dutsin-Ma, inda 5 a ɗebe 11 ya bar shida ƙasa da sifiri. Wannan ba kuskure ba ne, ma'anarsa ita ce cinikin masara ya ƙaru da buhu shida a mako na biyu, kuma ɗalibin da ya jefar da alamar don ganin ba ta yi masa kyau ba, ya jefar da amsar ne. Sharaɗin tarawa da ɗebewa guda ɗaya ne, wato jadawalan biyu su zama girmansu ɗaya, domin ba a haɗa mai ginshiƙi uku da mai ginshiƙi biyu, tun da za a sami gurbin da ba shi da abokin haɗi. Haka nan idan aka ce a ninka jadawali da lamba guda, misali ɗan kasuwan yana fatan cinikinsa ya ruɓanya gab da salla, to, kowace lamba da ke ciki za a ninka da biyu, ba a tsallake ko ɗaya ba.

Inda hankali ya kamata ya taru shi ne ninka jadawali da jadawali, domin a nan ne ɗalibai ke yin ƙiyasi na kuskure, su ce tun da a tarawa gurbi da gurbi ake haɗawa, to, a ninkawa ma haka ne, alhali kuwa ƙa'idar dabam take. Mu ƙaddara, don misali kawai, ribar ɗan kasuwan a kan buhun gero naira 2,000 ce, a kan dawa 1,500, a kan masara 1,000, muka jera waɗannan uku a tsaye cikin ginshiƙi guda. Don a san ribar rumfar Dutsin-Ma a makon farko, sai a ɗauki sahunta a bi da shi kan ginshiƙin riba: 12 sau 2,000 ya ba da 24,000, 8 sau 1,500 ya ba da 12,000, 5 sau 1,000 ya ba da 5,000, jimla naira 41,000. A yi haka da sahun Kurfi, a sami 14,000 da 15,000 da 4,000, jimla naira 33,000. Wannan shi ne ninkawar da ake ta jin tsoro: sahu na jadawalin hagu a kan ginshiƙi na jadawalin dama, a ninka bibbiyu, sannan a tara. Duk mai rumfar da ke zama da yamma yana lissafin abin da ya samu, wannan aikin yake yi, ko da bai taɓa shiga aji ba. Daga nan kuma sharaɗin ya bayyana da kansa, ba sai an haddace ba: yawan ginshiƙan na hagu dole ya yi daidai da yawan sahun na dama, domin wanda ke da kaya iri uku, riba iri uku zai lissafa.

Akwai wata mas'ala da ke biye da wannan, wadda masu shirya jarrabawa ke yawan gwada yara da ita, ita ce ta tartibi. Tun daga firamare yaro ya saba cewa 3 sau 4 da 4 sau 3 duk ɗaya ne, sai ya ɗauko wannan sabo ya kawo nan, ya faɗa rami. A ɗauki jadawali mai 1 da 2 a sama, 3 da 4 a ƙasa, da wani mai 0 da 1 a sama, 1 da 0 a ƙasa. Idan na farkon ne a hagu, amsa ita ce 2 da 1 a sama, 4 da 3 a ƙasa. Idan aka juya aka sa na biyun a hagu, sai a sami 3 da 4 a sama, 1 da 2 a ƙasa. Lambobin ba su sauya ba, wanda aka gabatar da wanda aka jinkirtar ne suka sauya, amsa kuwa ta bambanta. Ya kamata kowane ɗalibi ya gwada wannan da alƙalaminsa, gani ya kori ji.

Fa'ida mafi girma da ɗan sakandare zai samu a babin nan ita ce fitar da abin da ba a sani ba daga abin da aka sani. A ce wata uwargida ta aiki yaro kasuwa ya sayo tiya 2 ta gero da tiya 1 ta wake a kan naira 7,000, maƙwabciyarta kuma ta sayi tiya 1 ta gero da tiya 3 ta wake a kan naira 11,000, aka so a san kuɗin kowace tiya. Sai a jera 2 da 1 a sama, 1 da 3 a ƙasa, a fitar da lambar da ake kira ditaminan, wato mizanin jadawalin, ta hanyar ninka kusurwa da kusurwa a ɗebe: 2 sau 3, a cire 1 sau 1, saura 5. Don a sami kuɗin gero, sai a sauya ginshiƙin gero da kuɗaɗen da aka biya a sake awo: 7,000 sau 3, a cire 11,000, saura 10,000, a raba da 5, tiyar gero ta kama naira 2,000. Ta wannan hanya wake zai fito naira 3,000, kuma mai hankali zai koma ya gwada: 4,000 da 3,000 sun cika 7,000. Ana jingina wannan hanya ga Gabriel Cramer, mutumin Suwizalan, wanda ya wallafa ta a 1750. Amma a lura, da maƙwabciyar ta sayi tiya 4 ta gero da 2 ta wake a kan 14,000, da mizanin ya fito sifiri, tun da 2 sau 2 a cire 1 sau 4 bai bar kome ba, kuma ba a rabawa da sifiri. Dalilin kuwa a fili yake, ciniki na biyun ninkin na farko ne kawai, kamar shaidu biyu ne a gaban alƙali waɗanda na biyunsu daga bakin na farko ya ji labari, ƙidayarsu biyu amma shaidarsu ɗaya, ba ta isa a yanke hukunci ba.

Masu cewa wannan ilmi baƙo ne a gare mu, ya kyautu su san cewa jera lambobi cikin gidaje tsohon abu ne a duniya, kuma ƙasar Katsina tana da rabonta a ciki. Mutanen Sin, kimanin shekara dubu biyu da suka shige, suna da littafin hisabi mai babi tara, wanda a babinsa na takwas ake jera sanduna a kan allo don gano abin da dammunan hatsi iri-iri za su bayar bayan sussuka. A Bagadaza, wajen shekarar 820, Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara, ya cika kashi mai yawa na cikinsa da mas'alolin gado da wasiyya. A nan gida kuwa, Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya tashi a ƙasar Katsina, ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu can a 1741, ya yi talifi a 1732 kan hanyoyin tsara wafaƙi, wato hatimin lambobi irin wanda ke da 4 da 9 da 2 a sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa, wanda ta kowace fuska aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Abin da wasu ke yi da hatimi ta fuskar asiri mas'ala ce ta malaman addini. Abin da ya shafe mu shi ne hisabin da ke ciki, wanda masana tarihin lissafi ke ambatonsa har yau. Sai bayan rasuwar Shaihu Muhammadu da fiye da shekara ɗari, a 1858, Arthur Cayley na Ingila ya tsara ƙa'idojin tarawa da ninkawar da ake koyarwa a makarantunmu yanzu.

Amfanin babin a zamaninmu kuwa ya wuce na jarrabawa nesa, domin hoton da ake ɗauka da waya jadawalin lambobi ne, kowane ɗigo da lambar haskensa. Injiniyan da zai auna nauyin da gada ko madatsar ruwa irin ta Zobe za ta ɗauka, da irin wannan lissafi kwamfutarsa ke aiki. Wassily Leontief kuma, wanda aka ba lambar yabo ta Nobel a 1973, da jadawali ya nuna yadda noma da masana'antu da sufuri ke ciyar da juna a cikin tattalin arzikin ƙasa.

To, gargaɗinmu ga ɗalibai shi ne su guji hadda ba tare da fahimta ba, domin wanda ya haddace hanya bai san dalilinta ba, da an sauya masa lamba guda a zauren jarrabawa sai ya ɗimauce. Mafi muni daga wannan shi ne dogaro ga satar amsa da masu karɓar kuɗi su yi alkawarin sakamako, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya shiga jami'a da takardar da ba guminsa ba, zai tarar da wannan babi yana jiransa a can, ya ƙara girma, ba kuma mai raɗa masa amsa. Malamai kuma ya dace su fara darasin da buhu da tiya kafin su kai ga haruffa, su bar yara su yi aikin da hannunsu a allo, mata da maza, domin 'ya mace da ke riƙe lissafin sana'ar uwarta a cikin gida ba ta gaza kowa fahimtar sahu da ginshiƙi ba. Iyaye kuwa, ko da ba su yi boko ba, suna da hanyar jarraba 'ya'yansu: uba ya miƙa wa ɗansa lissafin cinikinsa ko amfanin gonarsa na mako biyu, ya ce ya jera, ya tara, ya fitar da riba, sannan ya gwada da abin da shi ya lissafa da ka. In sun yi daidai, yaro ya kama hanya. In sun saɓa, a mai da shi wurin malaminsa tun jarrabawa ba ta ƙarato ba. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.